Baba Mai Tsani, Wanda Ya Tare Talabijin da Kafaɗarsa

Kafin rana ta gama fitowa, Baba Mai Tsani ya riga ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙofar ɗaki, ya zazzage jakar kayan aikinsa a kai. Ba wani abu ne ya ɓace masa ba, haka yake yi kullum. Zai ɗauki noti ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai shi kusa da ido, in ya ga zarensa ya cinye sai ya jefa shi cikin gwangwani. Zai goge sifana da tsumma, ya kunna tocila ya kashe, ya ja sarƙa da hannu biyu ya ji ko akwai inda ta buɗe baki. Shayin da matarsa ta ajiye masa yana gefe yana hucewa.

"Da rabin kulawar da notunan nan ke samu ake ba ni," in ji ta, "da har yanzu amarya ce ni."

Sai ya yi murmushi, ya kurɓi shayin a sanyinsa, ya ɗaure tsani a bayan babur, ya fita.

Sana'arsa ɗaura talabijin. Na bango kowa na yi, shi kuwa an fi saninsa da na sama, wanda ake ratayowa daga rufin ɗaki. Yawancin masu neman irin wannan ba don gayu suke yi ba. Mutane ne da ciwo ya kwantar da su rigingine: wanda ɓarin jikinsa ya shanye, tsohuwar da ƙugunta ya karye, wanda haɗarin mota ya taɓa wa ƙashin baya. Wata nas da ke bin marasa lafiya gida-gida ita ce ta fara kai shi irin waɗannan ɗakuna. Ta ce ranar farko da ya ga wani dattijo ya zuba wa silin ido tun safe, ba abin da yake kallo sai tabon ruwa, fita ya yi waje ya daɗe bai dawo ba. Tun daga nan, in ta kira shi, ko me yake yi ajiyewa yake.

Duk gidan da ya shiga, in an gama gaisawa, sandar tsintsiya ko ta mofa yake fara nema. Ya bi silin yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a karkace. Daga nan ya buɗe ƙofar silin, ya kutsa kai cikin zafin kwano da ƙura da yanar gizo, yana rarrafe a kan katako har ya kai ga manyan da ke ɗauke da rufin. Ya soka musu sukurudireba. In ta nutse, gara ko ruwa sun riga shi, to ba zai ɗaura komai a nan ba, ko da maigidan zai yi fushi. An yi fushin kuwa, ba sau ɗaya ba. Wata mai jego ta ce mijinta ya kore shi da baƙar magana saboda ya ƙi rataya musu talabijin saman inda take shimfiɗe jariri. Bai rama ba. Ya naɗe kayansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ita a hankali, "'Yata, ko wa aka kawo bayana, ki matsar da shimfiɗar yaron nan daga wajen." Ta matsar.

In kuwa katako ya yi masa, huda shi yake har ya ɓulla, ya zura dogon noti, ya ɗaure ta sama da washa, ɗan faifan ƙarfen da ke hana noti nutsewa cikin katako. Ya ƙara sarƙa daban, a wani katakon daban, don ko ƙarfen ya ci amana sarƙar ta riƙe. Kuma kafin talabijin ya hau, shi yake fara hawa: ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya ɗage ƙafafu daga tsani, ya yi lilo kamar yaro. Yaran gida su yi ta dariya. Shi ba ya dariya sai ya sauko.

Kai ne, Baba, mai aikin da ba a ganinsa. Abin da ka yi yana can cikin duhu, bayan silin, inda ba mai leƙawa ya yaba. Mutane suna barci a ƙarƙashin aikinka, ba su ma tuna akwai wani abu a samansu.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami a kansa yau, wata safiya ce aka kira shi gidan wani direban babbar mota. Direban ƙato ne, irin waɗanda in sun shigo ɗaki sai haske ya ragu. Motarsa ta kife da shi, ƙashin bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Likita ya sallamo shi da kashedi mai ƙarfi: kada a ɗaga shi, kada a murɗa shi, sai nas tana wajen da isassun hannaye. Matarsa kuwa 'yar ƙaramar mace ce. Ita ta buga wa Baba waya, ta ce talabijin ɗinsu ya ɗan karkace, maigidan yana kallon ƙwallo a gicciye, in ya samu sarari ya biyo ya daidaita musu.

Ɗakin tsukuku ne. Gadon ƙarfe na jingine da bango a ƙarƙashin taga, wajen kai ya tokare da ɗaya bangon, wajen ƙafa na fuskantar ƙofa. Fanka na juyawa. Direban ya miƙo hannu da fara'a.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka ga yadda suka mai da ni, 'yan ƙwallona duk gangara suke gudu."

Baba ya karɓi hannun, amma idonsa ba a fuskar direban yake ba. A kan bargon da ya rufe masa ƙirji ya ga wani farin gari-gari, kamar an barbaɗa. Ya ɗaga kai. Talabijin ɗin babba ne, tsohon yayi mai nauyi, yana rataye daidai saman ƙirjin mutumin. Farantin ƙarfen da ke riƙe da shi ya rabu da silin ta gefe ɗaya, har yatsa zai shiga. Kewaye da shi silin ɗin ya yi tabo ruwan ƙasa, ya kumbura. Duk sa'ad da fanka ta zagayo, abin sai ya ɗan yi rawa, garin ya ƙara zubowa.

Ya san in ya yi ihu matar za ta ruɗe, mutumin kuma zai yunƙura, yunƙurin da aka hana shi.

"Uwar gida," ya ce, muryarsa kamar mai neman ruwan sha, "taimaka ki kashe wutar gidan nan gaba ɗaya daga wajen mita. Kada ki bugo ƙofa in za ki fita."

Ta dube shi, ta dubi sama, ta fita da sauri. Ya jawo tsani ya kafa a gefen gado, ya hau a hankali. Tsanin bai kai shi tsakiya ba. Ya miƙa ƙafa ɗaya ya tsallake gadon, ya dafa ta a bakin taga, ya zama yana tsaye a wangale saman mara lafiya. Fanka ta fara rage gudu. Ya sa tafin hannu biyu a ƙarƙashin talabijin ɗin, don dai ya ji nauyinsa.

Ko gama taɓawa bai yi ba ya ji ƙaras. Ƙusoshin gefe ɗaya suka zare, ɗaya ta faɗo ta buga ƙarfen gado. Nauyin ya sauko masa a hannu, ya tura shi baya, tsanin ya yi ƙara. Ya sunkuyar da kai ya tura kafaɗar dama a ƙarƙashi, ya tokare.

"Innalillahi!" Matar ce a bakin ƙofa, hannu a ka.

"Kada ki shigo. Je ki nemo mutane. Ko su wane ne."

Ta ruga. Aka bar su su biyu, ɗakin ya yi tsit, zafi ya fara taruwa. Baba yana jin gefen talabijin ɗin na yankar masa wuya. Ƙafar da ke kan taga ta soma rawa, ya matse yatsunta cikin takalmi. Ta ƙarƙashin hammatarsa yana hango fuskar direban, idanu a buɗe, fara'ar ta tafi.

"Baba."

"Na'am."

"Zai faɗo ne?"

"Yana hannuna."

"Na ga yana hannunka. Tambayarka na yi."

Baba ya ƙara tokarewa da kafaɗa. Gumi ya gangaro masa cikin ido, ba hannun sharewa. A waje yana jin muryar matar tana bubbuga ƙofofi, tana kiran sunayen maƙwabta. Lokacin ne da maza duk sun fita nema, layin ba kowa sai mata da tsofaffi.

Direban ya yi ajiyar zuciya. Da ya sake magana, muryarsa ta kwanta, irin ta wanda ya gama shawara.

"Baba, ji nan. Kai ba yaro ba ne, ga ƙafarka tana kaɗawa. In ka faɗo, mu biyu ne. Tura shi ta wajen ƙafafuna ka sake shi. Ai ba na jin su."

"Kai ne ba ka jin su," in ji Baba, yana fitar da maganar ta tsakanin haƙora. "Matarka tana jin su. Ita ke wanke su kullum. Yi mini shiru."

Direban ya rufe ido. Hawaye ya bi ta gefe ya shiga kunnensa.

Sai ga su sun shigo a guje: matar, da maƙwabciyarta mai kitso, da wadda ake yi wa kitson, rabin kai a tsefe, da wata tela da tef ɗin awo a wuya. Suka yi cirko-cirko. Mai kitso ta fara salati da ƙarfi.

"Ku saurare ni," Baba ya ce. "Ke mai rabin kai, riƙe mini tsanin nan, ki sa ƙafarki a matakin ƙasa. Ko me ya faɗo, kada ki saki. Ku biyu ku kama gadon ta wajen ƙafa. Uwar gida, hau gefensa ki riƙe masa kai da hannu biyu, kada ya motsa. Ja za ku yi, ba fizga ba."

Tela ta dubi gadon, ta dubi ƙofa, ta gane abin da shi ya riga ya gane. Bango a gefe ɗaya, tsani a ɗaya gefen. Hanya ɗaya ce, ta wajen ƙofa. Kafin mutumin ya fita, sai fuskarsa ta bi ta ƙarƙashin talabijin ɗin.

"Baba, kansa fa zai..."

"Na sani. Ku ja."

Suka ja. Ƙafafun gadon suka yi kuka a kan siminti. Ƙirji ya wuce, wuya ya wuce. Matar ta kifa kanta a kan fuskar mijinta, bayanta ya zama shi ne a sama. Sai gadon ya tsaya cak. Ƙafar gadon ɗaya ta faɗa wani rami da simintin ya fashe.

"Ya maƙale!"

"Ku ɗaga shi kaɗan."

"Ba ya ɗaguwa, Baba, wallahi ba ya ɗaguwa!"

A daidai nan sauran ƙusoshin suka saki. Wani ɓangare na silin ya ɓalle ya zubo masa a ka, ƙura ta turnuƙe ɗakin. Yanzu ba abin da ke riƙe da talabijin ɗin a duniya sai shi. Ya ji wani abu ya tsinke a cikin kafaɗarsa, ya ji shi da kunnensa, kamar an yaga sabon yadi. Wuta ta bi hannun har yatsu. Ganinsa ya yi duhu ta gefe-gefe. Ya danna kai a jikin gilashin, ya matse shi tsakanin kunci da kafaɗa da hannun hagu. Wadda ke riƙe da tsani tana kuka, ƙurar silin a gashinta, amma ba ta saki ba.

Wani ya faɗo ɗakin kamar an jeho shi. Ƙanin direban ne, daga shagonsa na bakin titi, wani ya kai masa labari. Bai tambayi komai ba. Ya durƙusa, ya sa hannu a ƙarƙashin gadon, ya ɗaga ƙafar daga ramin.

"A hankali!" matar ta ce. "Bayansa!"

Gadon ya zame. Kan direban ya wuce, ƙarfen wajen kai ya gogi tsanin ya girgiza shi, shi ma ya wuce. Ƙanin ya dawo da gudu ya tsaya inda gadon yake a da, ya ɗaga hannu biyu.

"Sako mini, Baba. Na riƙe."

"Ka tabbata?"

"Na riƙe."

Sai da aka ɓamɓare yatsun Baba daga jikin abin. Su uku suka sauko da shi daga tsani, suka zaunar da shi a ƙasa ya jingina da bango. Hannun dama ya zube a cinyarsa kamar ba nasa ba. Matar ta kawo ruwa, ta riƙe masa kofin. Abin da ya fara tambaya shi ne ko mutumin ya motsa. Aka ce bai motsa ba. Sannan ya sha.

Ƙanin yana tsugune a gefe, farantin ƙarfen a hannunsa, yana kallon gajerun ƙusoshin da ɓarɓashin silin ke manne da su. Mutum ne mai iyali, furfura ta fara fito masa, amma a lokacin ya kasa ɗaga ido.

"Ni na ɗaura shi," ya ce. "Da hannuna. Na ga Yaya yana kwance ba abin da yake gani... Da na kashe shi, Baba. Da ni na kashe Yayana."

Matan suka dubi juna. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa ta bi mutumin nan har kabari, kuma Baba ya san haka.

"Da na shigo na ga aikin," ya ce, "na san wanda ya yi shi ba ɗan sana'a ba ne. Na kuma san mai ƙaunar mutumin nan ne, don ba wanda ya tuna da idonsa sai kai. Abu ɗaya ne ba a gaya maka ba: silin rufa ido ne kawai, ba ya ɗaukar kaya. Ga yoyon ruwa ya zo ya ƙarasa shi. Yanzu ka sani. Ɗauko tocila a jakata."

"Baba, asibiti za mu kai ka."

"Za ku kai ni. Amma yau akwai wasa da yamma, ko ba haka ba, Direba?"

Daga bakin ƙofa, inda gadon ya tsaya rabi a ciki rabi a waje, direban ya yi wata dariya da ta haɗu da kuka.

Haka aka yi aikin, Baba na zaune a ƙasa, hannu a rataye cikin ɗankwalin mai kitso, ƙanin yana cikin rufi. "Soka masa sukurudireba. Ta shiga? Bar shi, matsa gaba. Wannan fa? To, shi ne." Ya sa shi ya gicciya katako mai kauri a kan manya biyu, ya huda, ya zura noti, ya ɗaure har sifana ta ƙi juyawa. Ya sa aka koma da wurin can saman ƙafafu, nesa da ƙirji da fuska, aka karkato da gilashin yadda mai kwance zai gani ba tare da ya wahalar da wuya ba. Aka sa sarƙa. Aka bi da wayar wuta ta jikin bango, aka bar mata sassauci. Aka toshe inda kwanon ke yoyo. Da aka zo gwaji, ƙanin ya kama ƙarfen ya yi lilo, ya daɗe yana lilon, kamar ba ya son saukowa. Sai da nas ta iso ta duba direban, ta ce ba abin da ya goce, sannan Baba ya yarda aka sa shi a mota.

A asibiti aka ce jijiyar kafaɗar ta tsinke. An yi aiki, an yi ta gasa kafaɗar, hannun ya dawo yana riƙe cokali da kofi, amma ya ƙi wuce kafaɗa. Mai aikin sama kuwa in hannunsa bai ɗagu ba, ya sauka kenan. Matarsa ta ce bai taɓa cewa da ya sani ba. Abin da ya dame shi kawai, akwai gidajen da ya yi wa alkawarin zai koma ya duba musu bayan ruwan sama. Ƙanin direban ne ya karɓi wannan, yana rufe shago ya ɗauke shi a babur, shi ya hau tsani, Baba ya tsaya a ƙasa yana faɗa masa abin da zai duba.

Da jikin direban ya yi ƙwari har likita ya yarda a ɗora shi a keken marasa lafiya, aka tambaye shi ina yake so a fara kai shi. 'Yan'uwa sun zaci zai ce tasha, wajen abokan aikinsa. Ya ce a kai shi gidan Baba. Aka turo shi har ƙofar ɗaki. Ya kamo hannun nan da ya lalace, ya riƙe shi da nasa biyu, ya daɗe.

"Baba, ka yi asarar hannu saboda ƙafafun da ba sa tafiya."

"Ga su sun kawo ka gidana," in ji Baba.

Kai ne ka tsaya a wangale tsakanin tsani da taga, da furfurarka, ka ce yana hannunka, kuma yana hannun naka. Kai ne ka samu damar kunyata mutum a gaban mata, ka miƙa masa tocila. Mun gode, Baba Mai Tsani. Matar direba ta ce a gaya maka ta gode, ita da 'ya'yanta. Mai jegon nan ta ce a gaya maka yaron ya shiga makaranta. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya sa ka huta cikin mutunci.

Ku kuma masu hawa tsani a gidajen mutane, matasa da manya, ga shi nan da ransa, bakinsa garau, ƙofarsa a buɗe. Ku je ku zauna kusa da shi ku yi tambaya tun ana iya ba ku amsa. In an kira ku aiki, ku tambayi wa ke kwana a ɗakin kafin ku tambayi girman talabijin. In wurin bai yi ba, ku ce bai yi ba, ko za a kore ku. Wanda zai kwanta a ƙarƙashin abin da kuka ɗaura, wataƙila ba zai iya tashi ya gudu ba.